Ranar da Yaya Ya Cire wa Mota Beli

Gidanmu gidan wanzamai ne. Kakanmu shi ya yi wa rabin tsofaffin garinmu tsagar Gobirci, mahaifinmu ya gaje shi, da ya rasu kuma zabira ta koma kafaɗar Yayana. Ni kaɗai na fanɗare. Ba na son ganin jini, saboda haka tun ina saurayi na bi direbobin garin Isa na koyi tuƙi. Har na yi aure na haifi 'ya'ya, Yaya bai daina kirana ragon gida ba.

A gidanmu kowace cuta daga maƙogwaro take farawa. Jariri ya ƙi mama, beli ne. Yaro ya cika tari, beli ne. Mutum yana ci yana ramewa, a buɗa bakinsa a duba. Beli shi ne ɗan naman nan da ke reto can cikin baki, Yaya kuwa gwaninsa ne. Zai danne harshe da ɗan itace, ya zura ƙaramar aska mai lanƙwasa, kafin uwar yaro ta gama kau da kai ya fito da shi. Hannu kam Allah ya ba shi, ban taɓa musu ba. Abin da ke haɗa ni da shi kawai, ya ɗauka duniyar nan gaba ɗaya maƙogwaro ce.

Wata shekara da wake ya yi kyau ya sayi ƙaramar akori-kura 'yar Kwatano. Motar tasa ce, tuƙin nawa. Ba mai kafireta ba ce irin wadda na koya da ita, ta zamani ce mai injekta, sai dai ta sha duniya kafin ta iso hannunmu. Kik ɗinta ya daɗe da mutuwa, ba ta tashi sai an tura, don haka kullum a gangaren bayan masallaci nake ajiye ta. Da ita muke cin kasuwannin Isa da Bafarawa da Sabon Birni, muna ɗaukar buhuna da awaki da duk wanda ya yarda ya zauna a kansu.

Sai fari ya zo, ya kuma maimaita. Shekarar farko gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya kwanta. Ta biyu ɗan abin da ya fito fara ta sauka ta share. Rumbuna suka zama wurin ɓuyar kaji. Kullum za ka ga mutanen ƙetaren iyaka suna wucewa kudu da tabarmi da tukwane a ka, ba ka tambayar su ina za su, don su ma ba su sani ba. Har gaisuwa ta gajarce a gari. Ba mai son ya ce ina gajiya, kada a ba shi amsar gaskiya.

Innarmu tana da saniya. Asalinta wata karsana ce da mahaifinta ya ba ta tun tana amarya, ta yi ta haihuwa har suka zama ɗan garke. Kamar yadda manoman wajenmu suka saba, shanun ba a gida suke ba, amana ce a hannun wani dattijon Bafulatani da muke kira Baffa, a rugarsa da ke hayin gulbi ta wajen Tsamaye. Farin nan ya yi ta ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage wata ja mai ciki. Lissafin Inna ba shi da wuya. In jar nan ta ga damina ta haihu, garke ya dawo. In ta faɗi, abin da ubanta ya bar mata ya ƙare a duniya.

Da rani ya yi nisa, jar ta kasa bin sauran shanu zuwa inda suke samun ruwa. Ya zama sai an kai mata har inda take. Dusa muna samowa a kasuwar Bafarawa, ruwa kuwa Inna ta ce ba mai ɗebo shi sai ita. Rijiyar garinmu ta koma tsattsafo, sai ka zura guga ka zauna kana jira ya taru. Tsohuwar nan za ta tafi tun da asuba ta zauna cikin layin mata, rabin guga rabin guga, har ta cika jarkoki. Matanmu sun yi sun yi ta bar musu, ta ce su ji da na tuwo.

Matsalar ita ce gulbi. Ya bushe ƙaf, ba komai sai yashi mai faɗi da laushi, motar kuma tana da wani hali. In ka taka totur ba ta amsawa nan take, sai ta yi jim kamar mai shawara, sannan ta ja. A kan hanya mai ƙarfi wannan ba komai ba ne. A cikin yashi kuwa, ɗan jim ɗin nan ya isa gudu ya mutu. Saboda haka ban taɓa yarda na shiga da ita ba. A bakin gaɓa muke tsayawa kan tudu, mu ɗora jarkoki a ka, ni da Yaya, mu ƙetare da ƙafa, mu kuma ci gaba da tafiya mai nisa cikin rana kafin mu kai ruga. Ni da na gudu daga wanzanci don in zauna kan kujera, ga ni na zama jaki.

Ana nan sai saniyar ta fara durƙushewa. Duk safiya sai matasan ruga sun zura itace ƙarƙashin cikinta sun ɗaga ta tsaye. Baffa ya ce in muna son ta kai labari, mu kai ta gida inda akwai inuwa da rijiya kusa. Ke nan dole mota ta shiga yashi, ta kuma fito da saniya a bayanta.

Muka tafi garejin wani bakanike a Isa. Ya buɗe bonet, ya kwance baƙar robar nan da ke kai wa inji iska, sai ga wani baki zagayayye na ƙarfe, da ɗan faifai a tsakiyarsa ya toshe hanya. Ya ja wayar totur da yatsa, faifan ya juya ya buɗe, ya saki ya rufe. Ya ce ta nan mota take numfashi. Ya wanke wurin da fetur, ya ce za ta ɗan fi da, amma tsufa ne. Da ya tsaya nan da ya kyauta. Sai ya ƙara da cewa samarin birni masu son gudu suna kai abin wurin masu injin sassaƙa ƙarfe a Sakkwato, a rarake bakin ya yi faɗi, a yanko sabon faifai daidai da shi, mota ta riƙa amsawa tun kafin ƙafa ta gama sauka.

Yaya ya sunkuya ya daɗe yana leƙen bakin nan. Na san wannan kallon, na sha ganin sa yana yi wa 'ya'yan mutane. Ya ɗago ya dube ni.

"Beli na," ya ce. "Ka gane shi nan tsakar maƙoshi. Shi ah hana ta lumhwashi."

Bakaniken ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ni ban yi ba.

A hanyar komawa na ce masa, "Yaya, wanga abu ba nama ba na. Waɗanda sunka ƙera shi ba mahaukata ba na da za su sa mai murhi hakanan banza. Mu bar shi yadda munka ishe shi."

"Shi belin mutum wa yas sa shi?" in ji shi. "Kuma ba mu cirewa? Sakkwato ba mu da lokacin zuwa. Za ni rage mata shi da hannuna, kai dai naka tuƙi."

Na yi ta magana har muka wuce Kamarawa, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Shi ne babba, motar tasa ce, saniyar kuma ta uwarmu ce mu duka. Gaskiya kuma ni ma ba ni da wata dabarar da zan ajiye a madadin tasa. Ilimina bai wuce sitiyari ba, kawai dai jikina ne bai ba ni ba.

Washegari da hantsi ya sa na kwance masa abin, ya shimfiɗa sabon buhu a inuwar dogon yaro ta ƙofar gida. Ya aro magagari wurin maƙeri, ya sayo samfefa, ya wanke hannu har gwiwa, ya yi bisimilla kamar yadda yake yi kafin ya taɓa ɗan mutum. Ya fara goge bangon ciki a hankali yana hurawa, garin ƙarfe yana zuba kan buhu. Da ya gama ya ciro faifan, ya bi gefensa ya rage, ya kuma sirance sandar da ke riƙe da shi. Aikin ya yi kyau, wannan ne abin takaicin. Ya yi sumul yana ƙyalli, ko tabo babu. Da ya mayar ya ɗaga shi saitin rana, sai na ga haske yana shigowa ta gefen faifan ko da yake a rufe yake, siriri kamar jinjirin wata. Yaya ya yi murmushi.

Muka ɗaura, aka tura ta a gangare, ta tashi da wani irin kuka da ban san ta da shi ba. Na hau hanyar Sabon Birni, na ɗan taɓa totur, sai ji na yi kujera ta bugi bayana. Wallahi ta amsa. Ba jim, ba shawara. Yaya yana ta dukan ƙofa da tafin hannu yana dariya, ni ma sai da na dara, don rabon da in ga haƙoransa tun damina ta ƙi. Amma da na ɗage ƙafa, kukan bai sauka ba. Na tsaya cak, na cire giya, tana nan tana ruri kamar ana kan gudu. Silo, ɗan kukan nan na hankali da mota take yi in tana tsaye, ya tafi, ba ta iya yin shiru kuma.

"Ka jiya?" na ce masa.

"Ko ɗiya anka cire ma beli sai sun yi kuka," ya ce. "Za ta lahwa."

Da muka dawo muka tarar da Baffa zaune a ƙofar gida, ya tako tun daga ruga. Bayan gaisuwa ya ce yau sun ɗaga saniyar ta ƙi tsayuwa, ko dusa ba ta duba ba. Ya zo neman izini ne, tunda dabbar amana ba a sa mata wuƙa sai da yardar mai ita.

"In na ga nagge ta juya, ku bar ni in yanka," ya ce. "Kada ta tahi banza. Ko ba komi akwai bakunan da ka jiran nama."

Maganarsa gaskiya ce. A shekarar nan ko ramammiyar saniya in aka yanka aka shanya naman, za ta riƙe gidaje da dama. In kuwa ta mutu da kanta ta zama mushe, sai ungulu. Amma Yaya jikinsa bai gama sanyi daga gudun da muka yi ba. Ya nuna motar da ke ta ruri a gangare kafin in kashe ta.

"Baffa, kada wuƙa ta taɓa ta. Gobe da hantsi muna wurinka. Ka ji kukan motag ga? Riƙe shi. In ka jiyo shi, mu na tahe."

Baffa ya juya wajen zaure inda Inna take tsaye. Ta ce abin da babban ya faɗa shi ke nan. Da yamma na gan ta a tsakar gida tana share gindin bishiya, ta kafa turke da kanta tana bugawa da taɓarya. Da asuba kuma ta tafi rijiya, don ta ce kada a ɗora saniyar a mota sai ta sha ta ƙoshi.

Rana ta ɗan ɗaga muka isa bakin gulbi, jarkoki cike a baya, da igiya da katako. Na ja baya na ɗauko gudu na shiga. Wanda bai taɓa tuƙi cikin yashi ba ba zai gane ba, amma yashi lallami yake so. Kana ba da wuta kaɗan kaɗan, taya tana taka shi tana wucewa. Motar nan kuwa ta manta da kaɗan. In na taɓa sai ta zabura, tayoyin baya su yi ta juyi suna watsa yashi sama. In na ɗage ba ta sassautawa. Muka yi rabi, ta fara jan gindi, ta tona wa kanta rami, ta zauna har ciki ya taɓa ƙasa.

Hannuna ya kai kan makulli, sai na tuna. In na kashe ta a nan, ba gangare, ba ƙasa mai ƙarfi, ko mutanen gari duka suka zo ba za su tura ta ta tashi ba. Dole a bar ta a kunne. Ita kuma ba ta san ta huta ba, tana tsaye wuri ɗaya tana ruri da dukan ƙarfinta, rana tana dukan bonet.

Muka durƙusa muna tona da hannu. Yashin ya yi zafin da sai ka tona ka yarfe. Muka sa katako, ta tofar da shi. Na hau gaɓa na karyo rassan geza muka cusa. Duk sanda na leƙa, allurar zafi ta ƙara matsawa wajen ja. Kafin azahar tururi ya fara fita, lagireto yana tafasa yana amayar da ruwansa ta murfin da ya daɗe ba ya kamawa. Yaya ya tsaya ya dubi motar, ya dubi baya. Sai ya je ya sauko da jarka.

"Ruwan Inna na," na ce.

"Guda ta. In inji ya ƙone mi za mu ɗauko ta da shi?"

Ba ƙarya ya yi ba. Na sa tsumma na buɗe masa murfin, ya zuba. Allura ta sauka, muka koma tono, ta sake hawa. Aka sauko da ta biyu. Na ce ɗayanmu ya garzaya ruga da ƙafa ya gaya wa Baffa halin da ake ciki, ya ba shi izinin yanka. Yaya ya daka mini tsawa, idanunsa jajur.

"In ka tahi wa ka tuƙi? In na tahi wa ka turi? Yanzu za ta hita!"

Wannan yanzun ta Yaya ita ta cinye mana yini. Kowane gwaji sai mu ga kamar saura ƙiris, mota ta ɗaga ta matsa taku kaɗan ta sake nutsewa. Ban san lokacin da na fara zagin ƙarfe ba, ina dukan ƙofa ina hawaye, ni da 'ya'yana sun fara girma. Ruwan da tsohuwa ta tara rabin guga rabin guga, ina kallo yana zama tururi yana bin iska. Mu kanmu ba mu kurɓa ba. Da la'asar ta yi wasu masu jakai suka biyo, suka taya mu shimfiɗa rassa har gaɓa, suka sa kafaɗa. Da muka hau tudu, jarkoki suna ta karo da juna a baya, ba ko ɗaya mai nauyi.

Mun hango ungulu kafin mu hango ruga. Saniyar tana kwance gindin wani gawo da aka sassare wa rassa, wuyanta a miƙe. Baffa yana zaune kusa da kanta, wuƙa a kan cinyarsa, a zare. Bai tashi ba. Yaya ya diro ya durƙusa, ya kai hannu maƙogwaronta ya dafa, ya daɗe. Jikin da sauran ɗumi.

"Ko ƙahwa ba ta motsawa?" Yaya ya tambaya.

Baffa ya girgiza kai. "Tun hantsi nike jin kukan motarku," ya ce. "Iska na kawo shi. Da ta hwara shure-shure na zare wuƙa, sai in jiyo ku, in ce ga su nan, su na tahe. In aza wuƙa in ɗauke. Kukan bai yanke ba ko sau guda. Da ya yanke da na san kun lalace hanya, da na yanka na ɗauki laihin."

Motar tana can bayanmu tana ruri, ba damar kashewa. Baffa ya sunkuya ya yanko kunnen da ke ɗauke da shaidar gidanmu, kamar yadda makiyayi yake yi in dabbar amana ta mutu a hannunsa, ya kwance igiyar wuyanta, ya haɗa ya miƙa wa Yaya. Ya ce a ba Inna haƙuri, shekarun da ya yi yana riƙe da shanunta yau sun ƙare.

A komowa muka bi sawun rassan da muka shimfiɗa, ba kaya, motar ta haye gulbi sumul kamar ba ita ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Har gida kunnen yana hannun Yaya, yana ta shafa shi da babban yatsa.

Rana tana dab da faɗuwa muka shigo gari. Inna ta jiyo mu tun daga nesa, wa zai kasa jin mu, tana tsaye a ƙofar gida da ƙwaryar dusa da ta jiƙa. Na ajiye a gangare na murɗa makulli, shiru ya sauka har kunnena yana ƙara. Ta dubi bayan motar, ta dubi hannun Yaya. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali.

"An samu yankawa?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ta yi salati, ta karɓi kunnen da igiyar ta ƙulle a bakin zanenta. Ba ta yi kuka ba. Ta tako zuwa bayan motar, ta kama jarka ɗaya ta ɗaga, ta ji ba nauyi. Ta ɗaga ta kusa da ita. Haka ta bi su duka tana girgizawa, mu muna tsaye kamar an dasa mu.

"Duka tas shanye?" ta ce. Ta gyaɗa kai tana goge hannu a zane. "To, alhamdu lillahi. Ba ta tahi da ƙishirwa ba."

Na dubi Yaya, shi kuma yana duban ƙasa. Inna ta kwashi jarkokinta bibbiyu ta shiga da su gida, ta jera a gindin turken da ta kafa.